Wanda Ya Riga Simon Nutso

Ranar Asabar da hantsi Simon ya ɗago kai daga ruwan Bakolori, ya tofar da robar da ke bakinsa, ya ce, "Alhaji, kwale-kwale na nan kwance, amma babu inji."

Alhaji Tukur ya zauna daɓas cikin laka da farar shaddarsa.

Ga yadda abin ya faro. Ranar Laraba kwale-kwalen Tukur ya nutse taku ashirin daga gaɓa, inda zurfi bai wuce tsayin mutum da rabi ba. Mutane sunka fita lafiya, amma injin ban-ruwansa da ke ɗaure ciki ya bi jirgin. Masunta sunka ce sanyin bana ko kifi tari yake, ba mai shiga. Sai anka tuna da Simon, ƙanen Malama Agnes ta Mafara, wanda aikin nutso yake yi can bakin teku. Ya zo hutu da kayan aikinsa, wai bai yarda da maƙwabtansa ba. Da ya saka baƙar rigar roba mai kama jiki, ya goya tukunyar iska, ya zura takalma irin ƙafar agwagwa, mata biyu sunka yar da tulu sunka ruga.

Albasar Tukur kuwa kwana huɗu ba ruwa, ganye ya fara kwanciya. Lokacin rani ba mai ba da aron inji. In ta kai Litinin haka, sai dai a kira awaki.

Sajan Dogara na 'yan sanda ya iso a babur, ya buɗe littafinsa.

"Me ka gani a ƙasa?"

"An yanke igiya, yankan lauje," in ji Simon, haƙoransa na kaɗawa. "An ja abu cikin laka zuwa gaɓar gabas. Sai wannan."

Ya miƙa guntun tiyo mai tsawon kamu huɗu, an ɗaure gora a bakinsa ɗaya.

"Na mene ne?"

"Wani ya so ya shaƙi iska da shi, gora na riƙe da bakin a sama. A wannan zurfin tiyo ba ya aiki. Mai shi ya sha ruwa ya ƙoshi."

Dogara ya fara da Sadi masunci, tunda shi ya fi kowa sanin wurin.

"Yaushe rabonka da ganin injin?"

"Jiya da safe, ranka shi daɗe. Na wuce ta kai, na hango jan tankinsa ƙasa."

"Ka san wannan tiyon?"

Sadi ya dubi tiyo kamar an zagi uwarsa. "Ni? Cikin jirgi anka yanke mani cibi. In zan nutse, hanci nika toshewa. Wanga aikin manomi ne."

Dogara ya rubuta. Bakin ruwan ba ya rabuwa da mutane dare da rana sai lokacin sallar Juma'a, ashe ke nan jiya da azahar anka yi abin.

Na biyu Mahmud makanike, wanda duk injin da ya sha ruwa wurinsa yake ƙarewa.

"Ina kake jiya da azahar?"

"Bakura, Yallaɓai, ɗaurin auren ƙanena. Ni na raba goro."

"Ka iya ruwa?"

"Ko gulbi ya kai gwiwa goya ni ake."

Mutum uku sunka shaida goyon. Dogara ya sallame shi.

Na uku Malam Nagode, mai gona a gaɓar gabas, wanda nasa injin ya mutu tun watan jiya. Ya zo da riguna uku da rawani, yana atishawa.

"Malam, ka shiga ruwan nan jiya?"

Kafin ya amsa, bakin ruwa ya ɗauki dariya. Har Alhaji Tukur, da ke cikin baƙin ciki, sai da kafaɗarsa ta motsa. Daga Mafara har Maradun wa bai san Nagode ba? Da sanyi ya shigo yake sallama da wanka, sai mangwaro ya nuna su gaisa. Alwala ma da kan yatsu yake yinta.

"Ka ji dai, ranka shi daɗe," in ji Nagode. "Ni da ruwa sai a kofi."

Dogara ya sallame shi, ya je ya zauna kan bencin Inna Lantana mai kunu, ya rasa ta inda zai kama. Lantana ta zuba masa mai zafi. Ita dai ba ta shiga maganar mutane, haka take cewa kullum kafin ta shiga.

"Sajan, ɗana, ka dubi wuyan Nagode kuwa?"

"Wuyansa, Inna?"

"Shekara talatin na san wuyan ga. Yau na fara ganin launinsa."

Dogara ya ajiye kofi.

"Jiya da marece gidan suna," Lantana ta ci gaba, "Zahra'u matarsa ta hana kowa sakat. Wai Malam ya yi wankan Juma'a. Har guɗa anka yi mata. Tashi mu je mu yi barka."

Tukur ya bi su. Da sunka isa gidan Nagode, Dogara da Tukur sunka tsaya a zaure tare da maigidan, wanda atishawarsa ta ƙaru. Lantana ta shige ciki, ta ɗaga murya yadda na zaure za su ji.

"Zahra'u, barka da arziki. Tukunya nawa kinka ɗora mashi?"

"Wallahi Inna ko ɗaya. Haka ya shigo mani tas, yana rawar ɗari, har bayan kunne."

"A masallaci ya yi?"

"Bai dai faɗi ba. Amma na tsinci ciyawar ruwa cikin gemunsa, na ce ko sabon soso ne."

"Ya shigo da kaya?"

"Wani abu a baro, lulluɓe da buhu. Ya ce kada in kusanci rumbun shinkafa."

Dogara ya dubi Nagode. Nagode ya dubi rufin zaure.

Cikin rumbu anka tono injin, binne cikin shinkafa har wuya.

"Me ya kawo shinkafa?" Dogara ya tambaya.

"Na ji an ce in waya ta faɗa ruwa haka ake mata," in ji Nagode a hankali.

Dogara ya rufe littafinsa ya yi wa Tukur bayani. Masunci ba ya neman tiyo, makanike ba ya binne inji cikin abinci. Lauje da tiyo da gora kayan manomi ne, sawun jan injin cikin laka kuma ya nufi gonar wanda injinsa ya mutu. Lokacin da kowa ke masallaci ne kaɗai ba ido a bakin ruwa. Nagode ya dogara da cewa ba mai zarginsa da taɓa ruwa, ya manta ruwa wanke mutum yake ko bai so ba.

"Aro na yi niyya, Alhaji," in ji Nagode. "Tumatirina ma ƙishi yake ji."

"Aro da lauje?"

Mahmud ya kwance injin, ya zubar da laka da shinkafa mudu guda, kafin la'asar ta Lahadi ruwa na gudu cikin albasa. Tukur ya ce ba ya son kotu. Anka shirya gaban Sajan cewa Nagode zai yi masa ban-ruwa har a cire albasa, ranar Talata kuma inji ya leƙa tumatir.

Suna fita Zahra'u ta yi gyaran murya daga bayan ƙyaure.

"Alhaji, ina da roƙo."

"Na yafe mashi, Zahra'u."

"Ba shi ba ne. Don Allah, in da hali, a riƙa nutsar da injin ga ko sau ɗaya a wata."