Ramin Katifar Kaka

Hannayen 'Yar Kaka duk sun tsattsage saboda sabulu, amma ba ta jin zafinsu, domin na ƙirjinta ya fi. Tana durƙushe a tsakar gida gaban baho tana cuɗa zanin gado, kumfa na tashi tana fashewa cikin hasken hantsi, idonta kuwa na kan labulen ɗakin da kakarta ke kwance. Allah sarki! Yarinya ce da ba ta san fuskar uwa ba, uban ma ya bi bayan uwar tun tana rarrafe. A bayan wannan tsohuwa ta yi wayo, shi ya sa sunanta na gaskiya ya ɓace a unguwa, kowa sai dai ya ce 'Yar Kaka. Yau ga bayan da ya goya ta ya manne da katifa... Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Kaka, ya tafi da hannunta da ƙafarta na dama, ya haɗa har da harshenta.

Wankin bai dami yarinyar ba. Abin da ke cin ranta shi ne Kaka ta daina shan ruwa. Tsohuwar mace ce mai tsananin kunya, wadda a zamanin lafiyarta ko kewayawa za ta yi sai ta faki idon mutane. Yanzu kuwa in bukata ta taso sai an kirawo matan makwabta an taru an ɗaga ta, don tana da jiki, in kuma aka makara ta ɓata shimfiɗa. Duk ranar da haka ta faru sai ta rufe ido hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Daga nan ta yanke wa kanta hukunci: abin da bai shiga ba ai ba zai fita ba. Ta datse haƙora, ta ƙi kofi, ta ƙi cokali.

“Haba ƙawata,” in ji 'Yar Kaka, tana riƙe da kofi, “ni da ke har akwai kunya? Kashina nawa kika kwashe a gidan nan? Ki sha ko kurɓi ɗaya ne, don girman Allah... In kika tafi wa kika bar mini?”

Kaka ta dube ta da idanun da suka zurma, ta kawar da kai.

Ranar da aka mayar da ita asibiti ganin likita, Gwaggo ce ta raka su. Gwaggo 'yar cikin Kaka ce, ƙanwar mahaifin yarinyar, mai son a ce ta isa. Ta tsaya can nesa da gado da hankici a hanci. Wata nas mai furfura a goshi ta ja fatar hannun Kaka ta ga ta ƙi komawa, ta tambayi dalili, 'Yar Kaka ta sunkuyar da kai ta faɗa mata komai. Nas ɗin ta ce su biyo ta su biyu. Ta nuna musu wani gado da katifarsa, irin waɗanda asibitin ke ba majinyata aro su tafi da su gida. A tsakiyar katifar akwai wani yanki da ake zarewa ta ƙasa, sai rami ya buɗe, bakinsa lulluɓe da roba mai santsi wadda ba ta cin fata, ƙarƙashinsa kuma ga fo mai marfi da ake turawa a jawo kamar durowa.

“Kin gani, 'yata? Ba ɗagawa, ba taron jama'a. Ki zare, ki tura fo, ki rufe ta da zane, ki ba ta baya. In ta gama ki tsaftace ta, ki mayar da yankin. Hajiya, ke ma matso ki gani, ai mahaifiyarki ce.”

Gwaggo ta leƙo ta saman hankicinta ta ce, “Na gani.” A ranar aka ba su aron gadon da katifar, suka koma gida da su.

Kwanakin da suka biyo baya, in 'Yar Kaka ta tuna su, sai ta rasa ko a farke ta yi su ko a mafarki. Kaka ta samo dabara da kanta: in bukata ta zo sai ta ƙwanƙwasa zobenta a ƙarfen gado. Yarinyar ta zo ta zare yankin, ta ja zane, ta koma bakin taga ta juya baya tana 'yar waƙa a hankali don kada tsohuwar ta ji motsin kanta. Ba wanda ya sake shigowa ɗakin don ɗagawa. Kaka ta karɓi ruwa, ta karɓi abinci, kumatunta suka fara dawowa, har wani gefen bakinta yakan motsa in jikar ta tsokane ta da cewa ta fiye ci kamar gara. Da azahar, in iska ta kaɗa labule, haske na yawo a bango, sai 'Yar Kaka ta ɗora kanta a gefen katifar barci ya sace ta. Takan ga Kaka a tsaye da ƙafafunta cikin wani fili mai ciyawa, tana tafe da wata mace doguwa da ba ta taɓa juyowa ba, suna dariya ƙasa-ƙasa. Ta farka ta tarar da hannun Kaka mai lafiya a cikin gashinta.

Amma kaico! Daɗi ba ya daɗewa a gidan da hassada ke leƙe. Wata rana Gwaggo ta zo da ƙawayenta dubiya, suka cika ɗaki da ƙamshin turare. Tana ta “Inna, sannu, Inna, ya jiki,” amma idon Kaka na bin 'Yar Kaka duk inda ta gifta. Ɗaya daga cikin ƙawayen ta kwashe da dariya ta ce, “Ikon Allah! Wanda bai sani ba sai ya ce waccan ce 'yar cikinta, ke baƙuwa ce.” Gwaggo ta yi yaƙe, amma ta ƙullaci maganar a ranta.

Ana gobe Baffa zai dawo ta aiwatar da abin da ke ranta. Baffa shi ne babban ɗan Kaka, direban babbar mota ne da kan yi watanni a hanya, kuma bai taɓa ganin katifar ba. Gwaggo ta aiki 'Yar Kaka wani kantin magani mai nisa, ta sa aka shigo da sabuwar katifa mai kauri da adon furanni, aka ciccibi Kaka aka ɗora a kai. Ita kuwa ta asibitin ta ja ta bayan gida, ta ɗauko wuƙa ta kekketa robar bakin ramin har soso ya fito buzu-buzu, ta ɓoye yankin da fo ɗin. Yarinyar ta dawo ta yi kuka ta yi roƙo, Gwaggo ta ce ta rufe mata baki.

Da Baffa ya iso, ko ruwa bai sha ba ta ja shi bayan gida tana rusa kuka.

“Yaya, zo ka ga abin da 'yar ɗan'uwanka ta yi! Asibiti sun ba mu katifa lafiyayya, ta sa wuƙa ta huda ta don ƙyuyar ɗaga Inna. Ta kwantar mana da uwa a kan masai da ranta! Wayyo ni, uwar da ta haife mu!”

Baffa ya dubi ramin, idonsa ya kaɗa ya yi ja. 'Yar Kaka ta zube a ƙasa ta kama ƙafarsa.

“Baffa, wallahi haka aka ƙera ta! Haka nas ta nuna mana, Gwaggo na wurin... Ka tambayi asibiti, Baffa, ka tambaya!”

“Rufe mini baki! Ga sawun wuƙa ina gani da idona za ki ce mini ƙira? Wace ƙasa ake ƙera katifa da rami? Fita! Kada na sake ganin ƙafarki a gidan nan!”

Daga cikin ɗaki aka ji zobe na bugun ƙarfe da sauri da sauri, da wani gurnani mai ban tausayi. Gwaggo ta ce, “Ka ji ko? Inna ma korarta take yi.” Haka marainiyar Allah ta fita da kayan jikinta kawai, tana waige tana cewa, “Ya Allah, kai ka gani... Ya Allah, ka shayar da ita, ko ba ta hannuna ba.”

Wata dattijuwa mai wankau da ke tsallaken titi ce ta ja ta gidanta. A nan ta ci gaba da wankin zannuwan mutane, in ta je shanya sai ta tsaya tsakanin fararen zannuwa suna kaɗawa, tana hango tagar Kaka har idonta ya yi ruwa. Kwanakin farko iska takan kawo mata ƙarar zoben, ta yi wuf ta miƙe, sai ta tuna ba ta da ƙofar shiga. Daga baya ƙarar ta ɗauke ɗif. Ashe Gwaggo ce ta zare zoben, wai yana sa mata ciwon kai. Sabuwar katifar mai furanni ta jiƙe ta yi wari, bayan Kaka ya fara gyambo, tsohuwar ta sake datse haƙora. Gwaggo kuwa ta bi unguwa tana cewa yarinyar ce ta yi wa Kaka wani abu kafin ta tafi. Mata suka fara janye 'ya'yansu in 'Yar Kaka ta wuce, wasu suka karɓe wankinsu. Zazzaɓi ya kayar da ita, ta kwanta tana ganin filin nan mai ciyawa, amma yanzu Kaka da doguwar macen sun yi nisa, tana kira murya ba ta fita.

Wata safiya ta ji tsayuwar mota da salati. Ta leƙa ta ga an fito da Kaka a sanƙame kamar ba rai. Ba ta san lokacin da ta fita ba takalmi ba, ta bi hanyar asibiti da zazzaɓinta, ta samu benci a baranda ta rakuɓe, don ba ta da ƙarfin halin shiga.

A ciki kuwa ana shirya gadon da za a kwantar da Kaka, Baffa na tsaye. Nas ɗin nan mai furfura ta sunkuya ta zare yankin tsakiyar katifa don ta duba fo, rami ya buɗe a gaban idonsa. Ya ja da baya.

“Wa ya huda wannan kuma?”

“Huda? Malam, ai haka ake ƙera ta. Dubi sauran gadajen ɗakin nan.” Ta ɗago ta kalli fuskar majinyaciyar, ta gane ta, sai ranta ya ɓaci. “Subhanallahi! Tsohuwar nan ce? Ina irin wannan katifar da muka ba ku? Ina yarinyar nan mai hankali?” Ta juya ga Gwaggo. “Hajiya, ba ke ce kika tsaya nan da hankici na nuna muku yadda ake zarewa ba?”

Gwaggo ta buɗe baki, “Ni... ai... wato...” Baffa ya dubi ramin, ya dubi bakinsa mai santsi, ya dubi ƙanwarsa. “Ke kika sa wuƙar,” ya ce da wata irin murya. “Kika sa na kori amanar ɗan'uwana... Innalillahi!”

Ya fita a gigice zai tafi nemanta, sai ga ta a kan benci tana rawar sanyi. Ƙaton mutumin nan ya durƙusa a gabanta yana kuka kamar yaro. “'Yata, na zalunce ki. Kin ce na tambaya ban tambaya ba. Ki yafe mini, don darajar mahaifinki.”

“Baffa, tashi, mutane na kallo... Ni ba ka yi mini komai ba. Tana da rai?”

Sai da aka yi wa Kaka ƙarin ruwa har la'asar sannan ta buɗe ido. Gwaggo ta yi caraf ta ɗauki kofi ta kai bakinta tana hawaye, “Inna, ki yafe mini, sharrin zuciya ne.” Kaka ta dube ta tsawon lokaci, sannan ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata ta juya fuskarta ga bango. Duk matan ɗakin suna gani, har da masu jinyar wasu gadaje. Baffa ya nuna wa Gwaggo ƙofa, ta fita tana jan mayafi, kuma kafin ta isa gida labarin ya riga ta. Ƙawayen da ta yi abin dominsu su suka fara yi mata dariya. Daga ranar har ƙarshen rayuwar Kaka, ba ta sake karɓar ko ɗigon ruwa daga hannun 'yar cikinta ba, kuma ban san hukuncin da ya fi wannan ciwo a duniya ba.

'Yar Kaka ta matso a hankali, ta ɗauki kofin da aka ajiye. Haƙurin da ta yi ta haɗiya duk ya taru a idonta yana zuba.

“Kaka, ni ce... Na dawo. Ba mai ɗaga ki, ba mai ganinki. Sha abinki.”

Kaka ta juyo. Leɓɓanta da suka bushe suka rabu, ruwan ya shiga, maƙogwaronta ya motsa, ta sha, ta sha, har kofin ya ƙare. Sai bakin nan da ya yi watanni bai furta komai ba ya karkace, ya yi ta kokawa da harshe.

“Ƙa... ƙaro,” in ji Kaka.