Auduga a Bangon Asibiti

Ranar Talata da hantsi Dakta Nagwa, shugabar ƙaramin asibitin unguwar masunta, ta shigo ofishin 'yan sanda ta dangwarar da guntun allo a teburin Sufeto Midhat. Allon ya kumbura, ya yi baƙi, sai warin ruma yake.

"Ga allon da aka ce ruwa ba ya ci," in ji ta. "Wata biyar kacal. Ɗakin jarirai duk ya yi funfuna, mun rufe shi. A kama min kafintan nan, Usta Shahata."

A garinmu Izbat al-Burj, iskar teku ba ta raga wa bango. Shi ya sa asibitin ya sa Shahata ya lulluɓe jikin ginin ta waje da allunan nan da ake yi da narkakkun tsofaffin robobi da dusar katako. Shi ya fara kawo su garin, aka yi ta yi masa dariya a kansu. Jiya kuwa likitar ta kira shi macuci a gaban layin marasa lafiya, kuma ka san bakin mutanenmu, kafin azahar maganar ta zaga duk gidajen shayi. Wata makaranta da ta ba shi aiki ta ce ya dakata. Kurkuku ma na jiransa in zamba ta tabbata.

Sufeto ya sa aka kawo shi. Dattijo ne gajere, ido ya yi ja.

"Aikinka ne wannan?"

"Yallaɓai, a ba ni bokitin ruwa."

Aka kawo. Ya zaro guntun allo daga aljihu ya jefa, ya nutse. Ya jefa na likita, ya taso yana yawo a sama.

"Nawa nauyi gare shi. Wannan katako ne aka shafa wa fenti."

"Ka koma ka duba bangon bayan ka gama?"

"Na duba, bayan sallah."

"Da hannu ka taɓa?"

Shahata ya sunkuyar da kai. "Daga cikin mota na hanga."

"To kar ka sake min ƙarya, Usta. Ita za ta kai ka inda ba ka so."

Midhat mutum ne mai naci, irin wanda in ya kama abu sai ya ga ƙarshensa, ko da abincinsa zai huce. Ya tasa Shahata gaba suka tafi asibitin. Bango uku lafiya lau. Na huɗu, mai fuskantar teku, wanda ba a ganinsa sosai daga titi, shi ne ya ruɓe.

Sufeto ya tura wuƙa ƙarƙashin leɓen wani allo, ta ƙi shiga. Ya matsa, sai ga igiyar auduga ta fito, murɗaɗɗiya, an bi ta da kwalta.

"Wannan fa?"

Shahata ya yi salati. "Wane marar kai ne ya toshe nan? Kowane allo hawa yake kan na ƙasansa, a bar leɓen a buɗe don ruwa ya sami hanyar fita. In ka toshe, ai ka kulle ruwa a ciki ke nan."

Mai gadin asibitin, Baba Fikri, yana zaune a inuwa yana kurɓar shayi da hannun hagu.

"Baba, wa ya taɓa bangon nan?"

"Ban da Usta, babu kowa, yallaɓai."

"Ko a satin sallah da aka rufe asibiti?"

"Ko kyanwa ba ta hau ba."

"Ka taɓa aikin katako?"

"Ni? Gadi kawai na sani. Guduma ma ban iya riƙewa ba."

Sufeto ya juya ya bar shi. Ya naɗe audugar a takarda ya nufi bakin kogi, inda ake ƙera jiragen kamun kifi. Duk ɗan garin nan ya san wanda ke cusa auduga tsakanin alluna. Maƙeran jirgi ne, kuma su ba su iya ganin tsaga su bar ta.

Ya nuna wa Rayyis Dasuki, babban maƙerin wurin. Tsohon ya juya ta, ya shinshina, ya yi dariya.

"Bahago ne ya murɗa wannan. Ka ga ta juya baya? Shekara talatin muna tsokanar Fikri a kan haka, kafin ciwon baya ya kai shi gadi. Yana nan lafiya?"

"Yanzu zan je in gaishe shi," in ji Midhat.

Amma gidan Fikri ya fara zuwa, tare da Shahata da kurtu ɗaya. Suka zaga lungun baya. Ga allunan nan reras a bangon wani ɗaki, masu ruwan toka, tsaf kamar jiya aka sa. Daga ciki ana jin tarin wata tsohuwa, mai tsawo, ba daɗin ji.

Aka kawo Fikri. Da ya ga inda suke tsaye, sai ya zauna a dakali.

"Matata ce," in ji shi. "Sanyin bangon nan zai kashe ta. Na ga allunan Usta ruwa na zamewa a kansu, zuciyata ta raya min. A satin sallah, da rana tsaka na cire su, kowa ya ɗauka fenti nake. Amma wallahi katako mai kyau na mayar, na toshe shi yadda ko ɗigo ba zai shiga ba. Jirgi nawa na yi bai taɓa yoyo ba."

"Toshewar ce ta ruɓar da shi," in ji Shahata. "Kana zaune kana shan shayi aka kira ni macuci, Fikri. Ka ji da kunnenka."

"Na ji."

"Da ka roƙe ni, da ragowar da ke shagona ta ishe ɗakin nan."

Fikri ya rufe fuska. Abin da tausayi, amma ni dai haushinsa ya fi kama ni. Kurtu ya ɗaga shi, suka nufi mota.

Sufeto ya ce, "Usta, gobe ka zo ka karɓi takardar wanke ka."

"Takarda ba ta shiga gidan shayi, yallaɓai."

Midhat ya ce wa direba ya biya ta asibiti. Layin yamma ya cika har bakin ƙofa. Ya aika aka kira Dakta Nagwa, ta fito da abin awon ƙirji a wuya. Ya gaya mata abin da aka gano, ta ce to, Usta ya shigo ofis su yi magana.

"A'a, Dakta," in ji Sufeto. "A nan kika kira shi macuci, a nan za ki wanke shi, kuma ki ɗaga murya, na bayan layi ba sa ji."