Guntun Ƙaya a Garmahon Alhaji Buba

Ranar wata Juma'a cikin shekarar 1955, bayan an sauko daga masallaci, Alhaji Buba mai awon gyaɗa ya tara baƙi a zaurensa na Bebeji don su ji garmahonsa da ya dawo daga gyara. Ya wana shi, ya sa sabuwar allura, ya ɗora faifai. Maimakon kiɗa sai wani ƙugi ya fito kamar ana jan kwano a kan dutse, allurar ta tsaga faifan daga baki har tsakiya.

Alhaji ya cire kan garmahon, wato ɗan kewayayyen ƙarfen nan mai riƙe allura, inda murya take fitowa. Ya jinjina shi a tafin hannu. Wanda ya shekara ashirin yana awo ba a yi masa wasa da nauyi. Nasa na tagulla ne, wannan kuwa gwangwani aka goge aka buga masa tambarin kamfani. Jabu ne tsantsa.

Ko tambaya bai tsaya yi ba. Ya tafi rumfar Ɗanasabe mai gyaran agogo da garmaho, ya ci kwalarsa a tsakiyar kasuwa, ya kira shi ɓarawo har sau uku. Aka kulle Ɗanasabe a ofishin 'yan doka, aka ce ranar Talata za a kai shi gaban alƙali. Ba ɗaurin ne ya fi damunsa ba. Mai gyaran da aka kira ɓarawo, ko fitilar ƙwai ba wanda zai sake bar masa.

Aka ba Kofur Lado binciken. Tsohon soja ne mai sanyin jiki, wanda abokan aikinsa ke yi wa tsiya wai kafin ya gama gaisuwa ɓarawo ya isa Zariya.

"Me ka taɓa a garmahon?" ya tambayi Ɗanasabe.

"Sifirin ɗin da ake wanawa na canja, Kofur. Sai robar cikin kan da ta bushe. Ban sami irinta ba, na yanko jar robar bawul ɗin keke na sa."

"Yaushe ka mayar?"

"Laraba. A gaban Alhaji na gwada, ya ji da kunnensa."

Alhaji bai musa ba, amma ya ce ai wajen rufe akwatin garmahon aka yi masa sauyin. Lado ya karɓi jabun ya fita da shi rana. Wuyan jabun ya fi hannun garmahon Alhaji faɗi, wato ƙarfen da ake maƙala kan a jikinsa, an cusa ƙyallen fata don ya zauna. Ya zura tsinke cikin ramin allura, ya ji abu ya tokare. Da ya zaƙulo, sai ga guntun ƙayar bagaruwa, an fere bakinta da wuƙa. Ya naɗe ta a takarda ya jefa aljihu.

Ya tambayi Alhaji su wa suka zauna a zauren tsakanin Laraba da Juma'a, cikin waɗanda ke da garmahon kansu. Alhaji ya ɓata rai, ya ce aminansa ne, ba ya son a ci musu fuska. Da ƙyar ya ambaci biyu: Hamman tela na Kiru, da Habu mai sayen fatu na Doguwa. Kowannensu ya jira shi shi kaɗai a zauren ranar Alhamis yana wajen awo.

Da safiyar Asabar Lado ya hau keke zuwa Kiru. Hamman ya fito da garmahonsa ba gardama, da gwangwani cike da tsofaffin allurai, don shi kowace waƙa da sabuwar allurarta. Lado ya gwada jabun a hannun garmahon, ya ƙi shiga ko kaɗan. Ya ba tela haƙuri, ya sha furarsa ya tafi.

Lahadi ya bi motar itace zuwa Tudun Wada, ya sami wata zuwa Doguwa, babbar riga a kan kakinsa. Bai nemi kwatance ba, kiɗa ne ya kai shi. Mutane sun cika ƙofar shagon Habu, wani dattijo yana cewa wallahi garmahon nan ya yi sabuwar murya kwanan nan, har numfashin mawaƙin ana ji. Lado ya yi sallama, ya matsa kusa. Kan tagulla ne, an ɗaure shi a hannun garmahon da tsirkiyar fata saboda bai zauna ba. A bakinsa kuwa ƙaya ce ke bin faifan.

"Malam Habu, ba ka sa allura ne?"

"Ina muka ga allura a nan? Sai Kano ko Jos. Ƙaya muke ferewa, ba ta ma cin faifai."

"Wannan kan fa?"

"A Jos na saya."

Lado ya tuɓe rigar, kaki ya bayyana. Ya kwance tsirkiyar, ya fito da jabun daga aljihu ya ɗora a hannun garmahon. Ya shige ƙwas, daidai wa daida. Sannan ya ce kowa ya shaida, in wannan kan na Bebeji ne za a ga jar robar keke a cikinsa. Ya sa bakin wuƙa ya kwance murfin. Ga ta nan ja wur.

Habu ya zauna a kan tarin fatunsa. Ya ce shi ma cutarsa aka yi, an sayar masa da jabun a kasuwa da sunan na gaske, ya lalata masa faifai huɗu, har ya ciro shi ya taho da shi Bebeji neman mai gyara. Da ya ga na Alhaji, fuska iri ɗaya, tambari iri ɗaya, sai zuciya ta ce masa ba mai ganewa.

Ranar Talata Lado ya yi wa alƙali bayani a tsanake. Masu yin jabu fuska suke kwaikwaya, ba sa damuwa da wuya, shi ya sa kowane kai ya ƙi hannun da ba nasa ba. Ƙayar kuwa, Ɗanasabe allura yake sayarwa gwangwani-gwangwani, me zai kai shi fere ƙaya? Sai wanda ke nesa da kanti. Habu ya karya ƙayarsa wajen gaggawar cirewa, guntun ya maƙale, allurar Alhaji ta kasa shiga sosai, ta karkace ta tsaga faifan. Alƙali ya sallami Ɗanasabe nan take.

A ƙofar kotu Alhaji ya matso, murya ƙasa-ƙasa, ya ce a yafe masa. Ɗanasabe ya dube shi, idonsa ya kawo ruwa don farin ciki da sauran ɓacin rai.

"Na yafe, Alhaji. Amma ba a nan ka kira ni ɓarawo ba."

Ranar kasuwa Alhaji Buba ya ɗauko garmahon da kansa, ya ratsa layin 'yan gishiri da na mahauta, gumi na zuba, ya dire shi a rumfar Ɗanasabe. Ya ɗaga murya ya ce ya zalunci bawan Allah nan, kowa ya ji. Ɗanasabe ya mayar da kan tagulla mazauninsa, ya wana, kiɗa ya tashi garau. Waƙar ba ta kai rabi ba limamin gari ya ratso taron, ya ciro agogonsa daga aljihu ya ajiye a kan teburin, ya ce yana jinkiri, a duba masa kafin la'asar.