Amsa Uku da Aka Raɗa a Filin Argungu

Ranar Asabar, takwas ga watan Nuwamba na shekarar 2025, da ƙarfe huɗu da minti arba'in na yamma, wani yaro yana zaune kusa da mahaifinsa a gidan kallon ƙwallo na Gwadangaji, a gefen Birnin Kebbi. Shekarunsa goma sha uku. Mahaifin, Malam Ummaru, direban keke Napep ne. Duk Asabar, in ya sallame La'asar, yakan ajiye keken su shiga kallo tare.

Rumfar kwano ce, da benci tara da talabijin biyu. Ranar ana nuna wasan manyan ƙungiyoyin Turai. Ƙungiyar da suke so ta kai hari. Saura ƙiris a ci, sai alƙalin wasa ya busa usur. Wani ɗan wasa ne ya faɗi can baya, ya riƙe kansa.

Rumfa ta kaure da ihu.

"Wanga rafali an saye shi!" in ji wani daga bencin baya.

Dankure mai shayi ya buga cinyarsa. "Ƙwallo ta lalace, jama'a. A da sai mutum ya fashe kai, a ɗaure masa da tsumma, ya koma fili. Yanzu ko ƙuda ya sauka musu, sai a kira likita."

Ɗan wasan ya tashi. Ya nuna yana son ci gaba, amma aka fitar da shi.

"Ga shi tsaye da ƙafafunsa!" in ji Malam Ummaru. "Don mi za a fidda shi? Wagga doka ta ragwaye ce!"

Aka tashi an ci su ɗaya. A hanyar gida Malam Ummaru bai daina faɗa ba.

"Ka ji ni, ɗana. Namiji ba ya barin fili don ciwon kai."

"To, Baba," in ji yaron. Ya riƙe maganar sosai, kamar yadda yara kan riƙe maganar ubansu.

Yaron shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar makarantarsu. Babban abokinsa Abdulhafiz ne, ɗan unguwar Badariya. Benci ɗaya suke zama a aji. Abdulhafiz ba ya jituwa da lissafi. In malami ya tashe shi, sai yaron ya sunkuyar da kai kamar yana neman biro, ya raɗa masa amsa. Ya ƙware a wannan. Ko leɓensa ba a ganin ya motsa.

A fili kuwa Abdulhafiz ba ya buƙatar raɗa. Dogo ne, ya iya tsalle. Yaron ke buga kwana, Abdulhafiz ya sa kai. A wasa huɗu sun ci shida ta haka.

Asabar ta gaba ita ce ranar wasan ƙarshe na kofin makarantu, a Argungu. Makarantarsu ba ta taɓa zuwa nan ba. Suka tashi da ƙarfe bakwai da rabi a motar haya. Suka wuce gonakin shinkafa, ana ta yanka. Malam Ummaru ya bi su a baya da kekensa, ɗauke da Dankure da tuta.

Filin Argungu tsoho ne, ba ciyawa sai a gefe. An ja layi da toka. Alƙalin wasan sunansa Malam Dikko, siririn dattijo mai furfura, malamin motsa jiki a garin.

Aka take wasa da ƙarfe goma daidai, rabi minti talatin-talatin. A minti na goma sha ɗaya yaron ya buga kwana, Abdulhafiz ya sa kai. Ƙwallo ta shiga. Kafin hutu 'yan Argungu suka rama.

Minti takwas da dawowa, aka ɗago ƙwallo sama. Abdulhafiz ya yi tsalle, mai tsaron bayan Argungu ma ya yi. Kawunansu suka haɗu. An ji ƙarar har wajen masu sayar da rake. Ɗan Argungu ya tashi yana sosa goshi. Abdulhafiz bai tashi ba.

Malam Dikko ya busa usur, ya rugo.

"Ga shi nan kuma!" in ji Dankure daga bakin layi. "Cutar Turai ta iso Argungu!"

"Rafali, bar yara su yi wasa!" in ji Malam Ummaru.

Yaron ne ya fara isa. Ya durƙusa a bayan abokinsa, ya tallafe shi ya zauna. Idon Abdulhafiz a buɗe yake, amma kamar na wanda aka tasa daga barci.

Malam Dikko ya tsugunna a gabansa. "Zan yi maka tambaya uku, yaro. In ka amsa, ka ci gaba. In ka kasa, ka fita. Wane gari muke?"

Abdulhafiz ya ɗaga kai. Ya dubi raga, ya dubi jama'a.

Yaron ya gane abokinsa bai sani ba. In aka fitar da Abdulhafiz, kofi ya tafi. Ya sunkuyar da kai kamar yana zuba masa ruwa a ƙeya. Ya raɗa: "Argungu."

"Argungu," in ji Abdulhafiz.

"Yau wace rana?"

"Asabar," yaron ya raɗa.

"Asabar."

"Wa ya ci ƙwallon farko?"

"Kai ne."

"Kai ne," in ji Abdulhafiz. Sai kuma ya gyara. "Ni ne."

Malam Dikko ya ɗan dube shi. 'Yan kallo suna ta buga galan, suna kiran alƙalin makaho. Ya miƙe a hankali, ya ce, "To, tashi mu gani."

Abdulhafiz ya tashi. Aka yi tafi. Yaron ya ji daɗi ƙwarai. A ganinsa ya ceci ƙungiya, ya kuma taimaki aboki.

Daɗin bai daɗe ba. Aka ba Abdulhafiz ƙwallo, ta wuce ta gabansa bai gani ba. Aka sake ba shi, ya taka ta ya yi tuntuɓe. Sau biyu yana tsayawa ya dafa gwiwa.

"Abdulhafiz, farka mana!" in ji Malam Zayyanu, malaminsu na wasanni.

Saura minti huɗu a tashi, suka sami kwana. 'Yan Birnin Kebbi suka miƙe tsaye. Kowa ya san abin da ke biye.

Yaron ya ɗauki ƙwallo zai nufi kusurwa. Sai Abdulhafiz ya riƙo rigarsa.

"Aboki," ya ce a hankali, "wace raga ce tamu?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ina ganin ragar biyu-biyu. Yaushe muka zo nan? Inna ta san na fito?"

Yaron ya janye rigarsa a hankali. Ya tafi kusurwa, ya ajiye ƙwallo a kan toka. Ya ja baya taku biyar, yadda ya saba. Ya ɗaga kai. Ga Abdulhafiz can a gaban raga, tsakanin dogaye uku, yana layi kamar kara a iska. In ya buga, da wannan kan za a tarbi ƙwallon.

"Buga, ɗana!" in ji Malam Ummaru. "Buga mana!"

Yaron ya matsa. Bai buga ba. Ya sunkuya ya ɗauki ƙwallon da hannu biyu, ya taka har gaban alƙali.

Fili ya ruɗe.

"Mi ya samu wanga yaro?"

"Kyaftin ya haukace!"

Yaron bai waiwaya ba. "Malam, ka fitar da Abdulhafiz. Bai san inda yake ba."

"Ai ya amsa tambayoyina," in ji Malam Dikko.

"Ba shi ya amsa ba. Ni na raɗa masa. Duka ukun."

Malam Dikko ya dube shi har sai da yaron ya sunkuyar da kai. Sannan ya busa usur mai tsawo. Ya kama hannun Abdulhafiz da kansa, ya kai shi bakin layi. Ya dawo ya zaro katin gargaɗi, ya ɗaga wa yaron.

"Wannan na ƙaryar da ka yi mini ne," ya ce. "Je ka buga kwanarka."

Wani ya jefo ledar ruwa, ta fashe a ƙafar alƙalin. Bai ko duba ba.

Aka sako Tamba, ɗan ƙaramin yaro ɗan aji ɗaya. Yaron ya buga kwana mai kyau, amma ba mai tsawon da zai kai gare ta. Golan Argungu ya cafke, ya wurga gaba. Kafin su koma tsaron ragarsu, an ci su. Biyu da ɗaya. Minti biyu bayan haka aka tashi.

Ba wanda ya yi wa yaron magana. Malam Ummaru ya taho da fushi, bakinsa cike da faɗa. Bai kai ga furtawa ba, sai Abdulhafiz ya yi amai a gindin darbejiya, ya sulale ƙasa.

Nan take faɗan ya ƙare. Malam Ummaru ya sungume shi ya sa a keke. Yaron ya riƙe masa kai a cinya. Malam Dikko ya shiga gaba yana nuna hanyar asibiti, usur na rataye a wuyansa.

Likitar mace ce. Ta haska idon Abdulhafiz da 'yar fitila, ta sa aka kwantar da shi. Bayan kusan awa guda ta fito baranda. Lokacin mahaifiyar Abdulhafiz, Inna Kulsumi, ta iso daga Badariya, mayafinta a karkace.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji likita. "Zai warke, in sha Allah. Amma ƙwaƙwalwarsa ta girgiza."

"Ai ba jini, likita," in ji Malam Ummaru. "Ko ƙwarzane babu."

"Baba, in an buga gorar nono, ba lallai ta fashe ba. Amma abin da ke ciki ya kaɗu. Bugu na farko yakan warke da hutu. Na biyu, in ya zo kafin a warke, shi muke tsoro. Wani ba ya tashi daga shi. Ya sake sa kai bayan ya faɗi?"

Malam Ummaru ya waiwayi alƙalin.

"Saura kaɗan," in ji Malam Dikko. Ya nuna yaron. "Wannan ne ya hana."

Yaron ya fashe da kuka. Ya durƙusa gaban Inna Kulsumi. "Inna, ni na ja. Ni na raɗa masa amsa, shi ya sa aka bar shi a fili. Ki yafe mini."

Inna Kulsumi ta dube shi. "Ka yi wauta, ɗan nan," ta ce. "Amma ka dawo mini da shi. Tashi."

Malam Ummaru ya cire hularsa, ya juya ta a hannu. Ya matsa kusa da alƙalin.

"Malam, na zage ka gaban jama'a. Kuma maganar da yaron nan ya bi, a bakina ya ji ta. Ka gafarce ni."

Malam Dikko ya yi murmushi. "Shekara goma sha tara ina busa usur. An kira ni makaho, an kira ni ɓarawo. Wata rana har jakina anka zaga, ni ko ban da jaki. Amma yau ne farkon da ɗan wasa ya kawo mini ƙarar kansa. Ka yi tarbiyya, Malam."

Malam Ummaru ya mayar da hularsa. Ya ɗora hannu a kafaɗar ɗansa, bai ɗauke ba.

Malam Zayyanu ya ce wa yaron, "Wasa biyu ba za ka buga ba, saboda raɗar."

"Na yarda, Malam."

"In ka dawo, kai ne kyaftin. Ban da wani."

Wajen ƙarfe uku Abdulhafiz ya farka sosai. Aka bar yaron ya leƙa.

"Wa ya ci?" in ji Abdulhafiz.

"Su."

"Kash! To, ina shinkafar da aka ce za a ba mu?"

Inna Kulsumi ta yi dariya har da hawaye. "Ya warke," ta ce.

A baranda Malam Ummaru ya zaunar da ɗansa. "Na koya maka kuskure, yau kai ka gyara mini. Ka riƙe wannan maganar a madadin waccan. Dokar da ke tsare lafiyar ɗan wasa ba ta ragwaye ba ce. Kofi ana sake buga shi baɗi, amma mutum kansa ɗaya ne. Kuma wanda ya yi kuskure ya faɗa da bakinsa tun lokaci bai ƙure ba, shi ne jarumi."

"Na riƙe, Baba."

Motar 'yan makaranta ta koma Birnin Kebbi da ƙarfe uku da rabi. 'Yan Argungu sun zagaya gari da kofinsu, sun watse. Likita ta ce Abdulhafiz zai kwana, gobe a sallame shi.

Da ƙarfe biyar da kwata, waɗanda suka rage a barandar su ne: Inna Kulsumi, tana jan carbi. Malam Zayyanu, da jakar riguna a gabansa. Malam Dikko, wanda gidansa ke kusa amma ya ƙi tafiya. Dankure, ya samo shayi kofi shida, ya fara miƙa wa alƙali. Malam Ummaru, yana gaya wa duk mai wucewa, "Wancan ɗana ne." Sai yaron, a bakin ƙofar ɗakin, da takalman ƙwallon abokinsa a cinyarsa.