Lambar Sirrin Wayata

"Da wayata ka yi?!"

Na miƙe daga kan keken ɗinki har almakashi ya faɗi ƙasa. Mai Keke, saurayina mai gyaran keken ɗinki, yana tsaye a ƙofar shagonmu, hannu duk baƙin mai, wai har da murmushinsa.

"Haba Gimbiya... talla ce fa ƙwaya ɗaya."

"A zauren Yaya! Da sunana!"

Zauren maɗinka ne a intanet. Yayata ce ta kafa shi, ta ɗora ni a kan kula da shi. Mata ne fal a ciki, wannan ta tambayi yadda ake yanka wuyan riga, waccan ta yi kukan zare na tsinke mata. Doka ɗaya ce Yaya ba ta wasa da ita: ba a tallan wani shafi a ciki. Duk wadda ta liƙa adireshin wani shafi, waje za ta yi. An taɓa yin sakaci zauren ya koma kasuwa, masu koyo suka rasa mai amsa musu.

Kuma wa ya fi kowa zaƙewa a kan dokar? Ni! Da hannuna na fitar da Gwaggo, ƙanwar babanmu, don ta saka shafin turarukanta. Har yau ba ta amsa gaisuwata.

Shi kuwa jiya da ya zo gyara mana keke, na shiga cikin gida kai wa Mama magani, na bar wayar a kan teburin yanka. Bawan Allah ya buɗe ta, ya saka shafinsa na kayan keke, har ya kafe shi a saman zaure inda kowa zai fara gani.

"Ke ce fa mai kula da wurin," ya ce yana matsowa. "Wa zai tuhume ki? Aurenmu nake yi wa tanadi, zuciyata."

"Da mutuncina kake tanadin?"

Bai kai ga amsawa ba Yaya ta ɗaga labule, idonta ya yi ja. Ta miƙo min wayarta. Gwaggo ce ta samu hoton tallar, ta tura wa dangi kaf, ta rubuta a ƙasa: "Ashe dokar ta 'yan'uwa ce, ban da samari."

"Auta," Yaya ta ce a hankali, "ce min ba ke ba ce."

"Ba ni ba ce, Yaya... amma wayata ce."

"Ya aka yi ya buɗe ta?"

Kunya ta rufe ni. Lambar sirrin wayata ranar haihuwarsa ce, ni da bakina na faɗa masa, ina ta yauƙi ina cewa babu sirri tsakaninmu.

Na juya na kalle shi. Wallahi haƙuri kawai nake jira ya bayar, da na yafe.

"Yaya, don Allah ku bar tallar ta kai gobe," ya ce. "Mutane sun fara shiga shafin..."

Inna lillahi! Ana zubar min da mutunci a gaban dangi, shi masu shiga shafi yake ƙirgawa!

Yaya ta ɗora yatsa a kan sunana a zauren, za ta fitar da ni. Ta kasa. Ita ta goya ni, ita ta koya min zura zare a allura, ta ina za ta iya?

"Bari, Yaya. Aikina ne."

Na goge tallar. Na rubuta wa matan cewa laifin daga wayata ya fito, dokar da ta hau Gwaggo ta hau kaina. Sannan na fitar da kaina daga zauren da nake kwana nake tashi da shi. Hawaye suka ɗiga a kan yadin da ke cinyata.

"Gimbiya, kin haukace ne? A kan talla?"

Na ɗan daddanna wayar, na miƙa masa.

"Buɗe."

Ya danna ranar haihuwarsa. Ta ƙi. Ya sake dannawa, ta ƙi. Ya ɗago yana kallona, murmushin nan ya ɓace.

"Kin canza..."

"Na canza." Na karɓe wayata ina share ido da gefen mayafi. "Kwashi kayan aikinka. Yaya, raka ni gidan Gwaggo."