Marinin da Rijiyarsa ta Mutu

A wani zamani an yi wani tsohon marini wanda rijiyar rininsa ta mutu. Ya zuba shuni, ya zuba toka, ko kumfa ba ta yi. Ga rigunan mutane jibge, ga salla ta matso.

Mahauci ya ce, "Aljanun rijiyar ne suka tashi."

Marini ya ce, "Ka gani da idonka?"

"A'a, ji na yi."

Wanzami ya ce, "Maƙwabcinka ne ya yi maka sammu."

"Ka gani da idonka?"

"A'a, ji na yi."

Sai 'yarsa, malamar makaranta, ta ce, "Baba, wasu ƙananan halittu ne ke raya rini. Ruwan toka yana kashe sauran ƙananan halittu, amma su a ciki suke zaune. Naka sun mutu."

"Kin gani da idonki?"

"Na gani a madubin likita. Amma ka gwada. Roƙo ruwan rijiyar rinin maƙwabcinka ka zuba a taka."

Maƙwabcin ya cika masa ƙwarya har baki. Bayan kwana uku, kumfa ta taso.

Wanzami ya leƙo. "Na ji wai rijiyarka ta farfaɗo?"

Marini ya ɗaga hannuwansa shuɗaye. "Bar ji. Matso ka gani."