Murhun Kufai

Ranar Laraba bayan magariba ruwa ya ɗauke, sama ta washe karon farko cikin kwana goma sha tara. Abdulrashid, malamin kimiyya a wata sakandare ta Gummi, ya ɗaure kyamara a bayan babur, ya nufi wani kufai a hanyar Bukkuyum inda babu fitila ko ɗaya. Damina uku ke nan yana farautar hoto guda: jan gajimaren nan na can ƙuryar samaniya ta kudu, wanda taurari ke tsirowa a cikinsa. Farin wata na dawowa mako mai zuwa. In ya rasa daren yau, wataƙila sai baɗi.

A bakin kufan ya tarar da Mainasara, wani dattijon makiyayi, yana kora shanu gida. Ƙasa ta jiƙe, ƙafafun kyamarar uku sai nutsewa suke. Abdulrashid ya hangi wasu baƙaƙen duwatsu uku, kamar don shi aka auna su, ya ɗora.

"Malam, bisa murhu ka aza," in ji Mainasara, murya ƙasa-ƙasa. "Ba a hawan murhun kufai. Ko sallama ba ka yi ba."

"Baffa, wa zan yi wa sallama, gara da tururuwa? Hasken da nake nema ya yi shekara dubu huɗu yana tafiya. Ku kuna nan kuna tsoron dutse."

Dattijon ya yi masa kallon da ake yi wa maraƙi mai cin leda. "Saniya ba ta yi boko ba, amma ba ta kwana nan." Ya bi shanunsa.

Kowane hoto minti biyar yake ci, kyamara na buɗe tana tara hasken da ido ba ya gani. Na farko ya fito ja kamar garwashi. Abdulrashid ya yi murmushi.

Na biyu ya yi dishi-dishi. Ya ɗaga kai: sama fes.

Sai kwaɗi suka yi shiru.

Ƙaurin karan dawa ya shigo masa hanci, sannan ƙamshin daddawa. Ya taɓa ƙafar kyamara, ya janye hannu. Zafi.

Hoto na uku ya fito. Babu tauraro ko ɗaya. Wata tsohuwa ce ta sunkuyo tana leƙen gilashin, tukunya a hannunta, ta taɓe baki.

Ya dubi gabansa. Ba kowa.

"Shekara dubu huɗu," wata murya ta raɗa masa a kunne, tana kwaikwayon maganarsa. Can baya aka yi dariya. "Kauda ƙafafunka, ɗan boko. Tuwo zan aza."

Aka hura wuta. Hayaƙi ya cika masa ido.

Bai san yadda ya tayar da babur ba.

Da safe Mainasara ya kawo masa kyamarar har makaranta a cikin buhu, ƙafafunta baƙi ƙirin da kunkunniya. Ya ajiye, ya juya.

Daren nan matarsa Surayya ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida. "Malam, fito ka ga taurarinka. Yau kamar an watsa gero."

Ya fito, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo.

"Hadari ne ya taso?"

"Wane hadari?" in ji ta.